Yadda Ake Gwada Harsashi a Bindiga Mai Baki Biyu Kafin a Shiga Daji

Bindiga mai baki biyu, bindigogi biyu ne aka haɗa a gindi ɗaya. Na daɗe ban gane haka ba. Lokacin da na fara bin kawuna farauta a fadamun Kware da gefen gulbin Rima, in na kuskure zabuwa sai in ce hannuna ne ya yi rawa, in na samu kuwa in hau cika baki. Ranar da ya gaji da surutuna sai ya kai ni wani tsohon ramin burji, ya jingina kwalin firiji a jikin bangon ramin, ya ce in harba bakin dama. Ya sake kwali, ya ce in harba na hagu. Na dama ya zuba ƙwayoyinsa daidai inda na auna. Na hagu ya kwashe su ya kai gefe da faɗin tafin hannu biyu. Kawu ya dube ni ya ce, "To ɗana, ka gani? Kwali bai jin kunyar kowa."

Tun daga ranar ba na shiga daji da sabon harsashi sai na ga aikinsa a kwali. Abu uku ake nema a wannan gwaji: inda kowane baki yake kai harbinsa, yadda ƙwayoyin suke bazuwa, da kuma harsashin da bakunan biyu suka fi yarda da shi. Mafi yawan bayanin nan a kan bindigar ƙwayoyi ce mai lamba 12, wato ma'aunin faɗin bakinta. Can gaba zan taɓo harsashi mai dunƙule ɗaya da raifil mai baki biyu, don nasu gwajin ya ɗan bambanta.

Magana ce ta mai lasisi. Dokar bindigogi ta 1959 ta sa irin wannan bindiga a rukunin da sai da izinin Sufeto Janar na 'yan sanda ake riƙewa, harsashi kuma a hannun dila mai rajista ake sayensa. In takardarka ta ƙare, fara sabunta ta kafin komai.

Kayan da za ka tanada

Kwalaye manya, kowanne ya kai aƙalla mita ɗaya da santimita 20 tsawo da faɗi. Kwalin firiji ko na injin wanki ya fi, masu shagunan kayan lantarki sukan bayar ko su sayar da arha. In babu, haɗa ƙananan kwalaye da salatif, ko ka kafa kwali ɗaya babba ka riƙa manna masa faffaɗar takarda kana sakewa bayan kowane harbi. Kada ka yi rowar kwali. Ƙaramin kwali yana ɓoye maka rabin labarin, don ƙwayoyin da suka wuce ta gefe ba za ka san ina suka nufa ba.

Sanduna biyu da za a kafa, da ƙusa ko igiyar ɗaure kwalin. Tef ɗin awo irin na magina, in babu shi to igiya da aka auna aka yi mata ƙulli a mita 15, da 25, da 36 da rabi. Zare mai tsawon santimita 38 da ƙusa a gefe ɗaya, da shi za a zana da'ira. Maka baƙa da ja. Littafin rubutu da biro. Buhu biyu da aka cika rabi da rairayi. Tebur mai ƙarfi da kujera, ko turmi da tabarma. Robar toshe kunne da tabarau. Sandar goge bindiga, tsumma da mai.

Sai harsashi: iri biyu ko uku da kake son gwadawa, kowane iri aƙalla guda 16. Na san tsadarsa, kuma na san mai karatu zai ce wannan ai asara ce. Lissafa harsashin da ka watsa wa iska a kakar bara tukuna, sannan mu yi maganar asara.

Kuma ka tafi da mutum ɗaya mai hankali. Aikinsa duban hanya, kada makiyayi ko yaro ya ɓullo ta bayan kwali.

1. Zaɓi wuri, ka sanar da mutane

Wurin da ya fi dacewa shi ne inda akwai tudun ƙasa mai laushi a bayan kwali, wanda ya fi tsayin mutum sosai: ramin da aka ɗebi ƙasar gini, ko gaɓar rafi da ta bushe. Guji bango mai dutse ko marmara tsantsa, don dalma tana iya dawowa. Kada ka harba saman ruwa, ƙwaya tana tsalle a kansa kamar yadda dutsen da yara ke jefawa yake yi. Ƙananan ƙwayoyi suna wuce mita 200 a iska, dunƙule ɗaya yana iya kai wa kilomita, harsashin raifil kuwa kilomitoci. Saboda haka fili fetal ba wurin gwaji ba ne, ko da ka hango babu kowa.

A halin da ake ciki a jihar nan, ƙarar bindiga sau ashirin a bayan gari ba abin wasa ba ce. Kana iya tayar da ƙauye guda, mata su kwashi yara su yi daji, ko 'yan sintiri su zo maka a shirye. Je ka gaida hakimi ko mai unguwa, ka faɗa masa rana da lokaci, a sanar da ofishin 'yan sanda mafi kusa, in akwai Sarkin Baka a yankin shi ma ya sani. Riƙe lasisinka a aljihu. Inda aka hana harbi ko ake zaman ɗar-ɗar, haƙura ka nemi wani wuri.

Lokaci kuwa da sassafe, bayan gari ya waye sosai zuwa hantsi. Iskar hunturu takan taso da hantsi ta karkatar da ƙananan ƙwayoyi, ƙura kuma ta rufe maka alamar kwali. A watannin Maris zuwa Mayu, da zafin Sakkwato ke haura digiri 40, ƙarfen bindiga yakan yi zafin da ba ya taɓuwa tun kafin a yi harbi biyar.

2. Duba bindigar da harsashin

Karya bindigar, ka tabbata babu komai a ciki, ka ɗaga bakunan wajen haske ka leƙa ɗaya bayan ɗaya. Abin da na fi samu a bindigar da ta kwana biyu a rataye shi ne gidan zanzaro. Ɗan wannan laka ya isa ya kumbura ƙarfe ko ya fasa shi. Goge man da ke ciki da busasshen tsumma, don harbin farko a baki mai mai yakan bambanta da sauran. Rufe bindigar ka girgiza ta. In kana jin ƙwas-ƙwas tsakanin bakuna da jiki, ta saki, kai ta wurin mai gyara mai lasisi kafin a yi maganar gwaji.

Cire katakon gaba ka raba bakunan da jiki, ka karanta rubutun da ke ƙarƙashinsu. A nan ake buga tsawon gurbin harsashi: 65, ko 70, ko 76, duk milimita ne, wato inci biyu da rabi, biyu da uku bisa huɗu, da inci uku. Tsawon da aka rubuta a kwalin harsashi na kwanson da ya riga ya buɗe ne bayan harbi. Shi ya sa harsashi mai 70 yake shiga gurbi mai 65 salin-alin, mutum ya ɗauka daidai ne, alhali in ya tashi bakin kwanson ba ya samun wurin buɗewa, matsi ya ƙaru. Tsofaffin bindigogin Ingila da aka gada tun zamanin Turawa da yawansu 65 ne. Gajere a dogon gurbi ba laifi. Dogo a gajeren gurbi, a'a.

Kada harsashi mai lamba 20 ya kusanci jakarka in bindigarka 12 ce. Yakan zurma cikin baki ya maƙale a gaba, ka ga gurbi wayam ka ƙara mai 12 a bayansa. Ƙwayar ƙarfe ma ba ta tsohuwar bindiga mai matsattsen baki ba ce, tsaya ga dalma sai in an buga alamar yarda da ƙarfe a jikinta.

Harsashin da aka sake cikawa a gida, wanda wasu ke sayarwa a ɓoye, ba na gwada shi balle in ba da shawararsa. Babu biyu da suke da awo ɗaya, to me za ka gwada? Wanda gindinsa ya yi tsatsa ko ya kumbura shi ma ware shi.

3. Shirya inda za ka zauna

Manufar jingina ita ce a cire rawar hannunka daga lissafi, a bar bindiga da harsashi su yi magana. Ɗora buhun rairayi a kan tebur, ka riƙe katakon gaba da hannunka yadda ka saba a daji, sannan ka ɗora bayan hannun a kan buhun. Hannu ne ke kan buhu, ba ƙarfe ba. Wannan shi ne kuskuren da na fi gani. In ka kwantar da bakunan kai tsaye a kan abu mai tauri, ko ka ɗaure bindigar tamau, shurinta yakan canza, harbin ya tafi inda ba zai tafi ba ranar farauta.

Zauna a miƙe, kada ka kwanta a kan bindigar, in ba haka ba ƙashin kafaɗarka zai gaya maka. Ninka tawul ka sa tsakanin gindin da kafaɗa, amma siriri, kada ya ƙara mata tsawo. In babu tebur, ɗaure sanduna biyu ko uku su yi gwafa daidai ƙirjinka, ka tsaya ka ɗora hannu a kai. Ni na fi son wannan ma ga bindiga mai shuri da yawa.

Toshe kunnuwa, kai da abokin tafiyarka. Auduga ba ta wadatar ba. Dattawan maharba nawa ka sani da sai an ɗaga murya suke ji?

4. Gwajin kusa: ina kowane baki yake kaiwa?

Kafa kwali a mita 15, ka zana baƙin ɗigo mai girman bakin kofin shayi a tsakiya. A wannan tazara ƙwayoyi ba su gama watsuwa ba, don haka tsakiyarsu a bayyane take.

A bindigar da bakunanta ke jere gefe da gefe mai kunama biyu, kunamar gaba ta bakin dama ce, ta baya ta hagu. Sa harsashi a bakin dama kaɗai. Kwantar da kunci a katako, ka daidaita ɗan ƙullin da ke hancin bindiga a kan ɗigon, ka matsa kunama a hankali, ba fizga ba. Yi haka sau uku a kwali ɗaya. Karya bindigar, ka bar ta a karye a kan tebur, sannan a je wurin kwali. Ba a zuwa gaban bindiga a rufe, ko da ka rantse babu komai a cikinta. Rubuta a jikin kwalin: bakin dama, irin harsashi, mita 15. Sake kwali ka yi wa na hagu haka.

Yanzu jera kwalayen biyu. In tsakiyar ramukan duka biyun tana kan ɗigo ko ɗan sama da shi kaɗan, alhamdu lillahi, haka ake so. Yawancin bindigogin tsuntsu da gangan ake sa su ɗan harba sama, don ka riƙa ganin tsuntsun a saman ƙulli. In duka biyun sun karkata gefe ɗaya daidai wa daida, matsalar ba ta ƙarfe ba ce, gindin ne bai dace da fuskarka ba, ko kuma idonka na hagu ne ke jagora alhali a kafaɗar dama kake harbi. Gwada: nuna wani abu mai nisa da yatsa idanu biyu a buɗe, ka rufe na hagu. In yatsan ya yi tsalle ya bar abin, idon hagu ne mai mulki, sai ka riƙa lumshe shi lokacin harbi.

In kuwa ɗaya na kan ɗigo ɗayan ya yi nasa wuri, bakunan ne ba su haɗu ba. Karkatar santimita 5 a mita 15 za ta zama 10 a mita 30. Wannan ana zama da shi. Abin da ya kai santimita 10 a mita 15 kuwa ya yi yawa. Kafin ka yanke wa bindigar hukunci, maimaita da wani irin harsashi, don sau da yawa nauyi ko gudun harsashi ne ke raba su.

In ka ja kunama ka ji ƙyas babu ƙara, kada ka karya nan take. Ci gaba da nuna bakin ga kwali, ka ƙirga talatin a hankali, sannan ka buɗe fuskarka a kauce. In kuma ƙarar ta fito a raunane, leƙa cikin bakin kafin ka sake sa wani, wataƙila toshiyar roba ta cikin harsashin ta tsaya a hanya.

5. Gwajin bazuwa

Nan ne ainihin aikin. Ma'aunin da masu ƙera bindiga suka daɗe a kansa shi ne yadi 40, wato mita 36 da rabi, da da'ira mai faɗin inci 30, wato santimita 76. Auna daga hancin bindiga zuwa kwali da tef. Kada ka auna da taku, takun safe da na mai gajiya ba ɗaya ba ne.

A nan harbi ɗaya, kwali ɗaya. Kowane baki sau biyar da kowane irin harsashi. In harsashi ya yi ƙaranci a yi uku, amma kada a gaza haka. Harbi ɗaya ba ya nuna komai, don ko daga kwali ɗaya aka ciro harsashi biyu ba za su zuba ƙwaya iri ɗaya ba. Mai harbi ɗaya ya ce ya gwada kamar mai ɗanɗana hatsi ɗaya ne ya sayi buhu.

Bar minti biyu ko uku tsakanin harbi, bindiga a karye a inuwa. Harsashin ma a inuwa, cikin jaka, ba a kan tebur a rana ba, ba kuma a but ɗin mota ba. Zafi yana ƙara wa albarushi ƙarfi. Turawan Ingila sun san haka tun da daɗewa, har kamfanoni irin su Kynoch suna yin harsashin manyan raifil mai ragaggen albarushi musamman don ƙasashe masu zafi. Harsashin da ya sha ranar Afrilu a Sakkwato ba shi ne wanda ka harba da asubahin Janairu ba, ko da sunansu ɗaya.

6. Karanta kwalin

Da'ira bayan harbi ake zana ta, ba kafin ba. Tsaya nesa kaɗan da kwalin ka duba inda ramuka suka fi cunkushewa, ka kafa ƙusar zarenka a nan, ka ɗaura maka a ɗaya gefen ka zagaya. Zaren santimita 38 zai ba ka da'ira mai 76. Raba ta gida huɗu da layi biyu, ka ƙirga ramukan kowane gida kana ɗiga musu jar maka don kada ka maimaita. Rubuta jimilla, ka kuma rubuta nisan ƙusar daga baƙin ɗigon da ka auna, da gefen da ta karkata.

Aiki ne mai cin rai, ba na musu. Ni yarana nake tara wa kwalayen a gida, kowa da makarsa.

Don ka san kason da ya shiga da'ira sai ka san adadin ƙwayoyin harsashin. Giram nawa ne an rubuta a jikinsa, 28 ko 32 ko 36. Lamba 6, wato ma'aunin girman ƙwaya, ta awon Ingila tana da ƙwaya wajen 270 a giram 28, lamba 6 ta Amurka wajen 225, don ta fi girma kaɗan. Ka ga ke nan lamba ɗaya a kwali biyu ba lallai ƙwaya ɗaya ba ce, ya danganta da ƙasar da aka yi shi. A ce harsashinka giram 32 ne mai ƙwaya wajen 300. In bakin dama ya zuba 150 a da'ira, kashi 50 ke nan cikin ɗari. In na hagu ya zuba 210, kashi 70.

Wannan bambanci da gangan ne. Hancin kowane baki ana ɗan matse shi daga ciki, abin da ake kira cok. Baki marar matsi yakan ba da wajen kashi 40, mai rabin matsi wajen 60, mai cikakken matsi wajen 70. A al'ada na dama ne buɗaɗɗe, don harbin farko tsuntsu na kusa, na hagu matsattse don na biyu, lokacin da ya riga ya yi nisa. Amma abin da aka buga a ƙarfe daban, abin da kwali ya nuna daban. Na ga baki mai alamar cikakken matsi da ke watsa wani harsashi kamar an sheƙa gero.

In lissafin kaso ya dame ka, bar shi. Kwatanta adadin ramuka kai tsaye ya wadatar, muddin tazara ɗaya ce.

Abin da ma ya fi kaso muhimmanci a wurina shi ne giɓi. Nemi murfin gwangwani mai faɗin santimita 12 ko 13, kusan girman jikin fakara in an cire gashi, ka riƙa zagayawa da shi cikin da'irar. Duk inda ya zauna bai taɓa rami ko ɗaya ba, ƙofa ce da tsuntsu zai bi ya wuce lafiya, ko ya tafi da ƙwaya ɗaya a cinya ya je ya mutu a banza inda ba mai yanka shi. Ƙirga irin waɗannan ƙofofi. Harsashin da ya zuba 170 a shimfiɗe ko'ina ya fi wanda ya zuba 200 a dunƙule a tsakiya ya bar gefe da ƙofofi shida.

7. Canza abu ɗaya kawai

In za ka koma kan harsashi na biyu, komai ya tsaya yadda yake: tazara, zama, rana ɗaya in zai yiwu. Kuma harsashin ya bambanta da na farko ta fuska ɗaya. Ko kamfani ɗaya lamba daban, ko lamba ɗaya kamfani daban. In ka canza kamfani da lamba da nauyi gaba ɗaya, ka ga sauyi, wa za ka yaba?

Kada ka ɗauka mai nauyi ko mai gudu shi ne gwani. Sau da yawa giram 36 a matsattsen baki yakan matse ƙwayoyi su lanƙwashe, lanƙwasasshiyar ƙwaya kuwa ba ta tafiya miƙe. Ga shuri, wanda ke sa mutum ya fara runtse ido tun kafin ya ja kunama. Manyan ƙwayoyi irin BB su ma wani lokaci sun fi kyau a buɗaɗɗen baki fiye da matsattse. Kwali ne zai raba gardama.

Ga kurciya da hasbiya lamba 6 ko 7 ta isa. Fakara da zomo 5 ko 6. Zabuwar daji gashinta da kauri, ga ƙarfin hali, ni 4 nake sa mata. Ba dole bakunan biyu su ci abinci ɗaya ba, kana iya samun na dama ya fi son 6, na hagu 4, kuma wannan shi ne daɗin baki biyu.

8. Koma tazarar da kake harbi da gaske

Yadi 40 ma'aunin kwatance ne. Yawancin abin da muke samu a gonakin gero bayan girbi tsakanin mita 20 da 30 ne. Ɗauki harsashin da ya yi nasara ka harba kowane baki sau biyu a mita 25, wannan karon a tsaye, ka ɗaga bindiga ka harba yadda za ka yi in zabi sun tashi. In a kan buhu tana kan ɗigo amma a tsaye ta kauce, ka san wanda za ka yi wa faɗa.

Sannan ka riƙa ja da baya mita biyar-biyar har inda murfin gwangwaninka ya fara samun ƙofofi da yawa. Nan ne iyakar bindigarka da wannan harsashi. Abin da ya wuce nan a bar shi ya tafi.

Mai son sanin ƙarfin ratsawa ya jera kwalaye goma ko fiye a bayan juna ya ɗaure, ya harba daga tazara ɗaya, ya ƙirga nawa kowane harsashi ya huda.

9. Dunƙule ɗaya, da raifil mai baki biyu

Harsashi mai dunƙulen dalma ɗaya ba a ƙirga masa ramuka, tazarar da ke tsakanin ramukan ake aunawa. Duba kwalinsa ka ga irin matsin da ya yarda da shi, ni dai ba na sa shi a baki mai cikakken matsi. Fara a mita 25. Bindigar tsuntsu ba don shi aka daidaita ta ba, saboda haka kada ka yi mamaki in dama da hagu sun raba gari. In haka ta faru, zaɓi bakin da ya fi gaskiya ka san iyakarsa.

Raifil mai baki biyu, irin ta Holland & Holland ta Landan da makamantanta, ba kasafai ake ganinta a nan ba, amma ka'idarta ce ke bayyana duk abin da ya gabata. Bakin dama yana gefen dama da tsakiyar bindiga, don haka in ya tashi shurinsa yana jan hanci sama da dama tun harsashi bai fita ba. Na hagu kuma sama da hagu. Shi ya sa maƙera ba sa jera bakunan a miƙe, sukan ɗan karkato su su fuskanci juna, su harba, su narkar da dalmar da ta haɗa su, su gyara, su sake harbawa, har ramukan su haɗu a wata tazara, galibi mita 50 zuwa 100. Kuma da harsashi iri ɗaya tak ake wannan aiki, mai nauyi kaza da gudu kaza. Nauyin yakan kasance a rubuce a ƙarƙashin bakunan, da shi za ka fara.

Gwajinta bibbiyu ake yi. Kafa kwali a mita 50, hannu a kan buhu ko gwafa. Harba dama, cikin daƙiƙa biyar zuwa goma ka bi da hagu, don haka aka daidaita ta, kuma haka ake harbinta a daji. In ka harba baki ɗaya sau da yawa shi kaɗai, zai yi zafi ya miƙe ya ja ɗan'uwansa mai sanyi, sakamakon ya zama ƙarya. Bayan kowane biyu a je a rubuta D (dama) da H (hagu) a jikin ramukan. In ba ka iya bambance su, kafa kwali biyu gefe da gefe, kowane baki da nasa, daga baya ka ɗora ɗaya kan ɗaya. Bari ta huce sarai, ka maimaita har sau huɗu.

In ramukan dama suna dama, na hagu suna hagu, duka takwas cikin faɗin santimita 7 ko 8, ka samu harsashinta, kada ka ƙara neman wani. In sun yi nesa da juna kowa a gefensa, harsashin ya cika jinkiri ko nauyi, ya daɗe a cikin baki har shuri ya ja shi waje. In sun gitta, na dama ya koma hagu na hagu ya koma dama, ya cika gudu ko rashin nauyi, ya fita tun shuri bai gama aikinsa ba. Da zafin rana za ka fi ganin gittawa. Maganin shi ne wani harsashin kamfani mai nauyin da ya dace, ba taɓa albarushi ba, ba kuma goge hancin baki da zarto ba, wanda na ga an lalata bindiga mai kyau da shi. Ɗora mata madubin hange ma yana canza nauyinta, sai an sake gwaji daga farko.

10. Bayan an gama

Tsince kwansunan duka ka tafi da su, kada yara su samu, kada kuma wani ya gani ya ɗauka wani abu ya faru a wurin. Leƙa wurin mai unguwa ka ce an gama lafiya.

A littafinka rubuta kwanan wata, yanayin zafi da iska, sunan harsashi, lamba, giram, da lambar rukunin da aka buga a marfin kwalinsa. In ka koma wurin dila nemi mai wannan lambar rukuni, ka saya gwargwadon abin da lasisinka ya yarda. Ajiye shi a akwati mai makulli, a ɗaki mai sanyi, nesa da rufin kwano da danshin damina, kuma ba wuri ɗaya da bindigar ba. In rukunin ya ƙare ka sayi sabo, harbi biyu a kowane baki ya isa ya nuna maka ko har yanzu shi ne.

Goge bakunan a ranar, tun daga gurbi zuwa hanci, har sai tsumma ya fito fari. Duba wajen hanci da kyau, nan dalma da roba suke maƙalewa su ɓata bazuwa. Shafa mai kaɗan, ka jingine ta hanci ƙasa kwana ɗaya don kada man ya gangara cikin katako, sannan ka sa ta a kube ka rufe bakinsa saboda zanzaro.